Ranar da Na Kai wa Dada Fim Ɗin Mai Kisa

Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin gwaggonninku. Wai ni ubanku na ɗora talabijin a keke, na kai gidanmu na gado da ke Nasarawo, na kunna wa tsohuwar da ta haife ni fim ɗin kashe-kashe, ranar Juma'a, da rana tsaka, tana riƙe da carbinta. Wai shi ya sa Baffanku Alhaji ya daina cin abinci a kwano ɗaya da ni. To, duk an yi haka, ba wanda ya yi mini ƙarya. Sai dai masu ba da labarin daga talabijin suke farawa su ƙare a kwano, Baffanku Sale kuwa ba ya cikin labarin nasu sam, alhali a kansa aka yi komai. Shi ya sa na ce bari in rubuta da hannuna tun idona yana gani. Ku yi haƙuri da rubutun. Ban daɗe a boko ba, ita ma ba ta roƙe ni in daɗe ba. Ɗan abin da na iya, ajin yaƙi da jahilci ne ya ba ni, da gemuna da komai.

A wancan lokacin shagona yana Tudun Wada, tsakanin wani tela da mai suyar awara. Gyaran rediyo da talabijin nake yi, a gefe kuma ina ba da hayar faifan fim. Turancina bai wuce wanda ke rubuce a jikin rediyo ba, amma duk layinmu ba wanda ya kai ni ba da labarin fim ɗin Turawa. Fuskar mutum nake kallo, da tafiyarsa, da yadda yake riƙe kofin shayi, sauran in cike daga aljihuna. Masu haya kuwa direbobi ne da 'yan acaɓa da teloli, kuma buƙatarsu ɗaya ce: a nuna musu akta, a nuna musu bos. Akta shi ne mutumin kirkin da za a jibga a farko, bos shi ne mugun da zai mutu a ƙarshe. In an samu waɗannan biyun, fim ya yi.

Sai wani faifai ya zo mini cikin kwalin kaya daga Kano. A bayansa hoton wani Bature ne mai sanƙo da tumbi, ya riƙe bindiga kamar mai riƙe da ludayi. Duk wanda ya karɓa, washegari zai dawo da shi yana mita. Wani direban tifa ya ce mini:

"Jibo, wannan wane irin fim ne ka ba ni? Ba duka, ba tseren mota. Mutumin nan akta ne ko bos?"

Na ce, "Kai da ka kalla, me ka gani?"

"Kisa yake yi, kuma shi ake ta nunawa. Ga shi yana ɗingishi. Ka taɓa ganin akta mai ɗingishi?"

Na jefa faifan ƙasan kanta na manta da shi.

Bari in ajiye faifan nan in ɗauko Sale. Mu uku ne maza a ɗakin Dada, mahaifiyarmu. Akwai Hamma Usmanu, wato Yaya Usmanu a bakin mutanen Gombe, wanda kuke ce wa Baffa Alhaji, ma'aikacin gwamnati, mutumin da ko tari zai yi sai ya gyara zaman hularsa. Sai ni a tsakiya, sai Sale auta. Sale ya shiga soja, aka tura su daji can gabas a shekarun tashin hankalin nan da kuka sani. Wanda ya tafi ɗan surutu ne mai tsokanar kowa, Hamma ma bai tsira ba. Wanda ya dawo kuwa jikinsa lafiya lau, amma bakin an baro shi can. Ba ya faɗa, ba ya zagi, bai taɓa ɗaga wa matarsa Hajara murya ba. Zama kawai yake yi, bayansa jikin bango, idonsa a ƙofa. Sannan ba ya sa takalmi, ko da silifa. Kun san rairayin Gombe in rana ta take a watan zafi, jaki ma sauri yake yi a kansa. Sale haka zai taka shi da tafin ƙafa har masallaci ya dawo. Hamma ya sayo masa takalmi mai kyau ya ajiye a ƙofar ɗakinsa, takalmin ya zauna a wurin har kaza ta fara leƙa shi da niyyar ƙwai.

An yi addu'a, an yi rubutun sha, an yi hayaƙi, kuma ni ban raina ko ɗaya ba. Daga nan wani ya ba Hamma labarin wani gida a ƙauye bayan gari, inda ake ajiye masu taɓin hankali, a sa musu mari, wato ƙarfen nan da ake haɗe ƙafafu biyu da shi, har sai sun natsu. Kada ku ɗauka mugunta ce ta sa Hamma ya saurara. Ya fi ni son Sale, shi ya yi masa aure. Tsoro ne. Gidan Nasarawo cike yake da yara, kuma mutumin da ya dawo daga daji ya yi shiru, ba ka san abin da ke cikin shirun ba. Dada ce ta ƙi yarda, ta ce a ƙara jira. Ni kuma sai na tsiri ɗaukar Sale kullum da safe in tafi da shi shago, don ya bar gaban idon Hamma. Ya zauna a benci, in ce haska mini tocila, ya haska. Iyakar hirarmu ke nan.

Wata rana bayan azahar aka kawo mini gyaran bidiyo. Na gama, ina neman faifan gwaji wanda ko injin ya karce shi ba zan yi asara ba, sai hannuna ya faɗa kan Baturen nan mai sanƙo. Na saka, na juya baya ina neman sukudireba.

Ga abin da ke cikin fim ɗin, gwargwadon fahimtar mai Turancin jikin rediyo. Mutumin nan sana'arsa kisa. A ba shi hoton mutum, ya je ya kashe, ya dawo gida ya dafa taliya. Ba shi da fushi, ba shi da gaba da kowa, yadda nake buɗe bayan rediyo haka yake zuwa aikinsa. Ga ladabi, in zai shiga gidan wanda zai kashe sai ya goge ƙafa a bakin ƙofa. Damuwarsa a duniya guda ɗaya ce: ya sayi sabon takalmi, takalmin ya matse shi. To a wurin da faifan ya kai, ya harbe wani mutum a ɗakin kwana. Ba kiɗa, ba ihu. Sai ya zauna a bakin gado kusa da gawar, ya cire takalminsa da ƙyar, ya duba ƙurjin diddigensa, ya hura masa iska. Sai idonsa ya sauka kan ƙafar gawar. Ya kalli ƙafar, ya kalli tasa. Ya zare takalmin mamacin ya gwada, bai shiga ba. Ya ja tsaki, ya mayar wa gawar da takalminta, ya ɗaure mata igiya tsaf, har da gyara mata safa.

A nan na ji wani sauti a bayana, na ɗauka injin ne ya sake lalacewa. Ashe Sale ne. Dariya yake yi, irin wadda take fitowa da ƙyar kamar famfon da ya daɗe ba ruwa. Kafin ka ce me ta ɓalle, ya riƙe ciki, hawaye na zuba, yana nuna talabijin da yatsa. Tela ya leƙo, mai awara ta bar kaskonta. Kuma da yake ni ba a raba ni da sa'a, a daidai lokacin Hamma ya faka mota a ƙofar shago, ya zo duba ƙaninsa. Abin da ya gani shi ne gawa kwance cikin jini a talabijin, da Sale yana dukan benci don dariya.

Bai shigo ba. Ya yafito ni waje ya ce:

"Ka gani da idonka ko? Mutum yana kallon gawa yana ƙyaƙyata dariya. Me kuma ake jira?"

Na ce, "Hamma, fim ɗin ne na dariya."

"Na dariya? Kisan kai ne na dariya? Jibo, kai ma a duba ka. Ranar Juma'a zan gaya wa Dada abin da na gani. Asabar a kai shi."

Ku da kuka taso daga baya ba ku san nauyin Juma'a a gidanmu ba. Tun zamanin mahaifinmu, in an sauko daga masallaci, mu 'yan'uwa maza a zauren Nasarawo muke haɗuwa mu ci a kwano ɗaya, sannan mu shiga gaida Dada. Duk wata magana ta gida a nan ake yanke ta, kuma abin da Hamma ya faɗa ba a mayar masa a gaban mata da yara. Ni ban taɓa yi ba, duk da rashin jin da aka san ni da shi.

Kafin Juma'ar na rufe shago na kalli fim ɗin ni kaɗai daga farko har ƙarshe, don in tabbata ba son kai ne ya sa na ce na dariya ba ne. Na yi dariya har na ƙware. Amma wanda ya shirya fim ɗin nan ɗan tsokana ne irina, har ya fi ni. Zai ja ka ka yi dariya, sannan ya bar hoton a kan fuskar mamacin ya ƙi ɗaukewa, har dariyar ta bushe maka a baki, ka waiga ka ga ko wani ya gan ka. Mutumin nasa kuma ba ya taɓa neman ka so shi. Mugu ne, bai ɓoye ba. Amma ka ga yana hawa bene da ƙurji a ƙafa sai ka ji kana cewa sannu, alhali ka san abin da zai je yi a saman. Duk wanda aka aike shi ya kashe, kafin ya kalli fuskarsa sai ya fara kallon ƙafarsa. A nan na gane abin da ya dami direban tifa. Shi ne aktan, shi ne bos ɗin, a riga ɗaya, kuma mu ba mu saba a haɗa mana su ba.

Na gaya wa uwarku abin da na yanke. Ta ajiye muciya ta ce:

"Malam, Dada za ka kunna wa wannan abin? To sai a gaya wa Hamma ya tanadi mari biyu."

Ranar Juma'a muka ci dambu a zaure. Da muka tashi shiga ciki, sai ga mai keke ya iso da talabijin da bidiyo da ɗan janaretana, kamar yadda na shirya da shi. Na dasa su a rumfar ƙofar ɗakin Dada. Matan gida suka fito suka tsaya daga nesa. Hamma ya tsaya yana kallona kamar na shigo da kura.

Dada ta ce, "Jibo, wannan tarkacen fa?"

Na durƙusa na ce, "Dada, za a gaya miki Auta ya ga gawa ya yi dariya. Gaskiya ne, a gabana aka yi. Ga gawar na kawo miki. Ki kalla, in ba ki yi dariya ba, gobe ni da kaina zan riƙe masa jaka."

Dada ba ta kiran sunan Hamma, ɗan fari ne, Babba take ce masa. Ta dube shi ta ce, "Babba, zauna. Jibon nan tun yana yaro in bai yi abin da ya sa a ransa ba, ba a barci a gidan nan."

Na kunna, na tsuguna a gefe ina ba ta labari da Turancina na aljihu. Da farko salati kawai take yi tana jan carbi. Da mutumin ya goge ƙafa a bakin ƙofa ta ce, "Ji munafuki." Da ya fara hawa bene yana ɗingishi ta ce, "Alhaki ne." Da aka zo wurin gado, ya gwada takalmin mamaci, ya ja tsaki, ya mayar ya ɗaure igiya, sai Dada ta kai gefen mayafi baki. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta ce:

"Wannan la'ananne, duk abin da yake samu ba zai sayi silifa ba?"

Ta fashe da dariya, matan gida suka taya ta. Ta share ido tana astagafirullahi, tana ƙarawa.

Hamma bai ko murmusa ba. Ya ce, "Dada, dariyarki daban, ta Sale daban. Ke ba ki taɓa riƙe bindiga ba."

Magana ce mai ƙarfi. Dabarata iyakarta ke nan, ta ƙare. Na tsayar da fim ɗin, hoton ya daskare a kan mutumin zaune kusa da gawa. Sai muka ji murya daga jikin bango.

"Haka yake, Dada."

Sale ne. Tun da ya dawo ba a ji ya haɗa magana mai tsawo ba. Idonsa na kan talabijin, muryarsa kamar mai ba da labarin kasuwa.

"Takalmin da aka ba ni ya yi mini kaɗan. Mun yi ta tafiya a daji, ƙafata duk ta sale. Rannan wani ya fito mini daga bayan bishiya, na riga shi harbi. Saurayi ne. Ya faɗi kusa da ni kamar daga nan zuwa randar can. Ina jira in ji tsoro, ko tausayi, ko wani abu. Ban ji komai ba sai ƙafata. Na duba ƙafarsa, Dada. Na duba ko nasa zai shige ni."

Janareta na ta ƙara. Sale ya ci gaba:

"Tun ranar na ce ni ba mutum ba ne. Duk takalmin da na gani, shi nake gani. Sai rannan a shagon Hamma Jibo na ga wannan mai sanƙon ya yi abin da na yi. Na ce ashe wani ma ya san wannan. Ashe har a ƙasar Turawa an sani, har an yi fim."

Hajara ta juya ta shige ɗaki. Dada ta miƙa hannu ta jawo ƙafar Sale ta ɗora a cinyarta, ƙafar nan duk faso, ta riƙe ta da hannu biyu. Ba ta kalli kowa ba ta ce:

"Ba mai sa wa ƙafar nan ƙarfe ina raye."

Hamma ya miƙe ya kakkaɓe riga. Idonsa ya yi ja, kuma na san ba fushi ne kaɗai ba. Ya ce mini:

"Ka tara mini mata da yara ka mayar mini da magana. To ka ɗauke shi, tunda kai ka san maganinsa. Duk abin da ya faru, wuyanka."

Ya fita. Mu muka ƙarasa fim ɗin, don Dada ta ce ba za a bar ta a tsakiya ba.

A makon Sale da Hajara da 'ya'yansu suka dawo gidanmu na Tudun Wada. Manyanku za su tuna shekarun da kuka koma kwana a falo, to dalilin ke nan. Kada wani ya je ya ce ubansa ya ce fim magani ne. Fim bai warkar da Sale ba. Bakinsa kawai ya buɗe, daga nan aka samu abin gaya wa likita, aka ci gaba da addu'a, aka daɗe ana fama. Akwai watannin da ya koma jikin bango. Silifa ya fara sawa, sai da aka jima, takalmi mai rufi kuwa har yau kun san ba ya sa shi. Wanda kuke gani yanzu a shagona yana tsokanar masu kawo gyara, ba a rana ɗaya ya dawo ba.

Ni kuma na biya nawa. Juma'ar da ta biyo na je zaure, na tarar an zuba mini nawa a kwano daban. Hamma bai zage ni ba, bai hana ni shiga gida ba, in na gaishe shi yana amsawa. Kwanon ne kawai. Mutum ya kai shekarun da na kai, a ware masa kwano a zauren ubansa, yara na wucewa suna gani, ba ƙaramin abu ba ne. Na yi ta zuwa ina cin nawa a gefe, ina ba shi labarin da bai tambaye ni ba. Haka muka yi shekaru, har Dada ta rasu, har ya yi ritaya, har gwiwa ta fara hana shi zuwa masallaci sai a mota. In kun tambaye ni ko da na sani, zan ce da an sake dawo da ranar, da keken nan zan sake kira. Sai dai da na fara samun Hamma shi kaɗai, ko da zai kore ni.

Wata Juma'a, a kwanakin baya-bayan nan, muna zaune mu uku. Sale ya cire silifansa a bakin zaure, Hamma ya bi su da kallo. Ya daɗe yana kallonsu. Aka kawo abinci, kwano biyu kamar kullum. Bai sa hannu ba, ya gyara hula, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Jibo."

"Na'am, Hamma."

"Mutumin nan mai sanƙo. Ya samu takalmin da ya yi masa daidai kuwa?"

Na ce, "Ya samu, Hamma. A ƙarshen fim ya samu. Ya sa, ya taka, ya yi murmushi, ya fito titi yana tafiya kamar ango. A ranar aka harbe shi."

"A ranar?"

Sale ya ce, "A ranar. Kuma wanda ya harbe shi ya tsuguna yana duba ƙafarsa."

Hamma ya gyara zama. Sai gemunsa ya fara motsi. Ya yi tari don ya ɓoye, tarin ya ƙi rufa masa asiri, ya yi dariya har hular ta karkace bai gyara ba. Da ya lafa, ya share ido da hannun riga, ya tura babban kwanon tsakiya da ƙafarsa mai ciwo, ya ce:

"Juye naka a nan, dambun yana hucewa."